Wasiƙar Ista ta Shekarar 399 da Rikicin Siffar Allah a Hamadar Masar

A al'adar cocin Masar ta dā, kowace shekara da zarar an gama bikin ranar 6 ga Janairu, bishop na Iskandariya yakan rubuta wasiƙa a rarraba ta birane da ƙauyuka da zangunan sufaye, ya sanar da ranar ɗaukar azumi da ranar da Ista za ta kama. Sanarwar kanta ba ta da tsawo. Sauran takardar wa'azi ne, inda bishop yake amayar da abin da ke cinsa a rai. A shekarar 399 mai riƙe da kujerar shi ne Tiyofilas, wanda ya hau a 385, mutum mai kaifin basira da zafin hannu da son gine-gine. A zamaninsa ne aka rushe babban ɗakin bautar gunkin Serafis na Iskandariya, wajen 391. Wa'azin da ya zaɓa a waccan shekara shi ne Allah ba shi da jiki, ba shi da gaɓoɓi, kuma duk wanda yake raya Allah a zuciyarsa da siffar ɗan Adam ya kauce hanya. Ita wasiƙar ta ɓata tun tuni. Abin da ya iso gare mu shi ne labarin ƙurar da ta tayar, wadda ba ta lafa ba sai da aka ƙona ɗakunan ibada, ɗaruruwan mutane suka yi hijira, aka kuma tuɓe bishop na Kustantiniya (Istanbul ta yau), babban birnin daula.

Sufayen da ake magana Kiristoci ne masu gudun duniya da suka cika hamadar da ke kudu da Iskandariya tun wajen 330. Manyan zangunansu uku ne: Nitiriya, Keliya, da Sketis, wanda yau ake kira Wadin Natrun. Faladiyus, wanda ya zauna cikinsu, ya ce a Nitiriya kaɗai akwai kimanin mutum 5,000. Kowa da ɗakinsa. Yana tufka igiya ko saƙa kwando da ganyen dabino, bakinsa na bitar Zabura, sai Asabar da Lahadi a haɗu a coci. Da yawansu 'yan ƙauyukan bakin kogin Nilu ne masu magana da Kibɗanci, waɗanda Littafi Mai Tsarki ya zauna musu a ka ta hanyar ji da hadda. Abin da suke ji kullum kuwa shi ne idon Ubangiji yana kan masu adalci, hannunsa ya yi ceto, Ishaya ya gan shi zaune a kursiyi, Daniyel ya ga Mai Daɗaɗɗen Zamani da farin gashi. Sama da duka akwai ayar Littafin Farawa 1:26, inda Allah ya ce bari mu yi mutum cikin siffarmu da kamanninmu.

A cikin wannan hamada ɗin kuma akwai wani rukuni, masu karatun Girkanci, almajiran littattafan Orijin. Shi Orijin malamin Iskandariya ne da ya rasu wajen 253, ya buɗe babban littafinsa na aƙida da hujjar cewa Allah ba jiki ba ne, yana kafawa da Yohanna 4:24, Allah ruhu ne. A wurinsa siffar Allah da ke cikin mutum tana cikin hankali da ruhi, ba a ƙashi da tsoka ba. Wanda ya mayar da wannan karatu hanyar ibada shi ne Ibagiriyus, mutumin Fontus a bakin Baƙin Teku, wanda ya bar Kustantiniya ya tare a Keliya. Ya koyar da cewa idan ka tsaya addu'a kada ka bari wani hoto ya zana kansa a zuciyarka, ko na mala'ika ne, ko na Almasihu, domin shaiɗanu sukan shigo ta ƙofar hoto su sa mutum ya ɗauki abu mai iyaka a matsayin Marar Iyaka. Ibagiriyus ya rasu a farkon watan Janairun 399, daidai lokacin da wasiƙar ke shirin fita. Bai ga abin da ya biyo baya ba.

Duk wanda ya zauna a zauren karatun tauhidi a ƙasar Hausa zai gane ƙirar wannan gardama, domin ita ce ake yi kan ayoyin hannu da fuska da daidaita a kan Al'arshi, tsakanin masu tawili da masu barin lafazi yadda ya zo, kuma amsar Imamu Malik kan cewa daidaituwar sananniya ce amma yanayinta ba a san shi ba sananniya ce a wurin ɗalibai. Sai dai a wurin Kirista akwai ƙarin ƙulli. Shi ya yi imani cewa Kalmar Allah ya zama mutum, an gan shi, an taɓa shi. Don haka idan aka ce masa ya goge kowace fuska daga addu'arsa, dole ya tambaya: har da fuskar Yesu?

Abin da ya faru a Sketis

Wanda ya ba mu labari da ganin ido shi ne Yohanna Kasiyan, wanda yake Sketis a lokacin tare da abokinsa Jamanus. Ya ce a zangon akwai jama'u huɗu, kowace da cocinta da firist ɗinta. Uku suka ƙi ko barin a karanta wasiƙar a taronsu. Suka ce bishop ne ya yi bidi'a, tunda ya musanta nassi ƙarara. Firist ɗaya ne ya karɓe ta, Abba Fafnutiyus, shugaban jama'ar da Kasiyan yake ciki.

A jama'ar Fafnutiyus akwai wani dattijo mai suna Sarafiyon, wanda ya yi shekara hamsin a hamada, kowa ya sallama masa wajen kamewa da ibada. Fafnutiyus ya yi ta lallashinsa, ya ƙi. A ganinsa wannan sabon zance ne da magabata ba su koyar ba. Ana cikin haka sai ga wani dikin (wato mataimakin firist) mai zurfin karatu, Fotinus, ya zo ziyara daga Kafadokiya, a ƙasar Turkiyya ta yau. Fafnutiyus ya tara 'yan'uwa, ya tambaye shi a gaban kowa yadda cocin Gabas suke fassara ayar siffa da kamanni. Fotinus ya ce duk shugabannin coci sun haɗu a kan ba a ɗaukarta a zahirin lafazi, ya jero ayoyi, ya yi dogon bayani cewa ɗaukakar da ba ta da iyaka ba za ta shiga cikin ƙirar jiki ba. A ƙarshe tsohon ya sallama. Jama'a suka yi murna, aka miƙe domin addu'ar godiya.

A cikin addu'ar ne abin ya faru. Sarafiyon ya nemi fuskar da ya saba tsayawa a gabanta ya tarar an share ta. Sai ya fashe da kuka mai tsanani, ya zube ƙasa yana cewa: "Kaitona! Sun ɗauke mini Allahna. Yanzu ba ni da wanda zan riƙe, ban san wa zan yi wa sujada ba, ban san wa zan kira ba."

Kasiyan da Jamanus suka tafi wurin Abba Ishaku a ruɗe, suna tambayar yadda mutum zai yi wahalar shekara hamsin sannan a ce yana kan kuskure. Ishaku ya ce wannan ragowar maguzanci ne, mutanen da kakanninsu suka saba bauta wa gumaka masu siffar mutane sun shigo da al'adar cikin sabon addini ba su sani ba. Wannan hukunci shi ne ya bi Sarafiyon da ire-irensa tsawon ƙarnuka: tsoffin ƙauyawa marasa karatu da suka kasa gane magana mai zurfi.

Ni ban gamsu da shi ba. Kasiyan ɗan ɓangare ne, almajirin Ibagiriyus ne a tunani, kuma ya rubuta labarin a birnin Marsai na ƙasar Faransa ta yau bayan fiye da shekara ashirin, a lokacin da ɓangarensa ya sha kaye a Masar. Sannan kalmomin da ya sa a bakin tsohon su ne kusan kalmomin Maryamu Magadaliya a bakin kabari cikin Yohanna 20:13, inda take kuka tana cewa sun ɗauke Ubangijina. Wanda take nema Yesu ne. Shi ma Abba Ishaku, da ya ci gaba da bayani, ai kan Yesu ya koma: ya ce masu rauni suna ganinsa cikin tawali'un jikinsa, masu tsarkin ido su hau dutse su gan shi cikin ɗaukakarsa. Wannan ya nuna inda gizo ke saƙa. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne Sarafiyon ba wani ƙaton mutum a sararin sama yake bauta wa ba. Almasihu yake kallo a addu'arsa. An kayar da shi da hujja a zama ɗaya, aka karɓe masa abin dogaro kamar a karɓe wa tsoho sandarsa a tsakiyar hanya, kuma a wannan taron babu wanda ya miƙa masa wata. Ishaku ya koya wa samarin biyu maimaita ayar Zabura 70:1, ya Allah ka kawo mini ɗauki, ya Ubangiji ka gaggauta taimakona, a matsayin abin da zuciya za ta riƙe maimakon hoto. Shawara ce mai kyau, ta rayu har yau a addu'o'in sufayen Turai. Amma Kasiyan bai sake komawa kan tsohon da aka bari kwance a ƙasa ba.

Bishop ya yi amai ya lashe

A wasu wuraren abin bai tsaya ga kuka ba. Sokratis, marubucin tarihin coci na Kustantiniya, ya ce sufaye suka bar ɗakunansu suka yi dafifi zuwa Iskandariya, suna zargin Tiyofilas da saɓo, har suna barazanar kashe shi. Ya fito ya tare su da magana ɗaya: da na gan ku, kamar na ga fuskar Allah ne. Kalmar Yakubu ce ga ɗan'uwansa Isuwa a Farawa 33:10, kuma kowa zai iya jin abin da yake so a cikinta. Fushinsu ya sauka. Suka ce to, in da gaske kake, ka la'anci littattafan Orijin, don daga cikinsu ake ɗebo abin da ake yaƙarmu da shi. Ya ce shi ma da ma yana da ƙorafi a kansu, zai yi.

Jifan juna da sunan mai ba Allah jiki ko mabiyin Orijin ba sabo ba ne. Wajen 393, a Urushalima, Bishop Yohanna ya yi wa'azi kan masu ba Allah jiki yana duban baƙonsa, tsohon Bishop Efifaniyus na tsibirin Kubrus. Efifaniyus ya miƙe ya ce shi ma ya la'anci wannan aƙida, amma adalci ne a haɗa da Orijin a la'anar, jama'a suka bushe da dariya. Wato tun kafin 399 kowane ɓangare ya riga ya tanadi sunan da zai shafa wa abokin gabarsa.

Shaidar Apa Afu

Akwai rubutu ɗaya da ya fito daga ɗaya ɓangaren, cikin Kibɗanci, wanda aka adana a takardun fafirus da ke birnin Turin na Italiya. Tarihin rayuwar wani sufi ne mai suna Apa Afu, mutumin Femje, garin da ake kira Bahnasa a yau. Masoyansa ne suka rubuta shi bayan zamaninsa, don haka akwai ƙawa da yabo a ciki, amma hujjojin da ya ƙunsa su ne muryar mutanen da aka kira jahilai.

An ce Afu yana zaune a jeji cikin namun dawa, sau ɗaya a shekara yake shigowa gari ya ji wasiƙar Ista. A waccan shekara ya ji an karanta cewa siffar da mu mutane muke ɗauke da ita ba siffar Allah ba ce. Ya kama hanyar Iskandariya cikin tsummansa, ya tsaya a ƙofar bishop kwana uku ba wanda ya kula shi, sai da wani ma'aikacin coci ya lura ya shigar da shi. Ya yi gaisuwa irin ta bawa ga ubangidansa, ya roƙi a yi haƙuri a saurare shi, ya nemi a sake karanta wasiƙar. Da aka zo kan jimlar sai ya ce wataƙila kuskuren magatakarda ne. Tiyofilas ya ce ba kuskure ba ne, sannan ya yi tambayar da ta tona asirin dukan rikicin: ta yaya za ka ce Bahabashe siffar Allah ne, ko kuturu, ko gurgu, ko makaho?

Tambaya ce mai ciwo, kuma ya kamata a tsaya a kanta. Mutumin da ya tashi kare ɗaukakar Allah daga kamanta shi da halitta ya ƙare da cire baƙar fata da naƙasasshe daga darajar da nassi ya ba kowane ɗan Adam. Afu ya karanta masa Farawa 1:26. Bishop ya ce wannan Adamu ne kaɗai, 'ya'yan da ya haifa ba su gaji siffar ba. Afu ya kawo Farawa 9:6, maganar da aka yi wa Nuhu bayan ruwan Ɗufana, cewa wanda ya zubar da jinin mutum za a zubar da nasa domin cikin siffar Allah aka yi mutum. In siffar ta ƙare a kan Adamu, me ya sa har yanzu ita ce dalilin haramcin jini? Sai ya ɗauko gurasar Jibin Ubangiji, wadda Kiristoci ke ci a ibadarsu: ƙasa ce ta fitar da hatsin, mu muka gasa da hannunmu, amma ka gaskata jikin Almasihu ne saboda shi ya faɗa. To wanda ya faɗi waccan shi ne ya faɗi wannan.

Hujjarsa ta ƙarshe ita ce ta hoton sarki. Ya ce ɗaukakar Allah haske ce da ido ba ya iya ɗauka, raunin mutum kuma sananne ne. Amma sarki yakan sa a zana hotonsa a kan katako. Kowa ya san katako ne da fenti, hancinsa ba na sarki ba ne, ba ya ji, ba ya magana. Duk da haka ba mai ambaton waɗannan aibobi, domin sarki ya ce wannan hotona ne, wanda ya wulaƙanta shi kuwa hukuncinsa kisa ne. To ina ga mutum, wanda numfashin Allah ke cikinsa? Masu sauraro a wancan zamani sun san ba misali ne na baka kawai ba. A 387 mutanen Antakiya sun tumɓuke mutum-mutumin Sarki Tiyodosiyus a wata tarzomar haraji, aka kashe wasu, garin duka ya yi makonni cikin fargabar abin da sarki zai yi.

Babu inda Afu ya ce Allah yana da ƙashi da tsoka irin namu. Abin da ya ƙi yarda da shi shi ne a raba jikin mutum, kowane irin jiki, da darajar siffar Allah. Malamin tarihin coci Jojis Florobski ya jawo hankali kan wannan tun a tsakiyar ƙarni na 20, masu bincike da dama kuma suka bi sawunsa. Rubutun ya ce Tiyofilas ya amsa kuskurensa, ya aika da gyara, bayan shekara uku kuma ya naɗa Afu bishop na Femje.

Inda kuɗi da mulki suka shigo

Da sauyin Tiyofilas ya tsaya a kan gyaran jimla, da abin ya zo da sauƙi. Amma a daidai lokacin yana da wata rigima a gida. Akwai wani tsohon firist, Isidor, mai kimanin shekara tamanin, mai kula da baƙi da matalauta a cocin Iskandariya, wanda a da na hannun damansa ne har Tiyofilas ya so a ba shi kujerar bishop ta Kustantiniya. Faladiyus ya ce wata gwauruwa mai arziki ta ba Isidor zinariya 1,000 ta rantsar da shi ya saya wa matalautan mata sutura kada bishop ya sani, don tana tsoron kuɗin su tafi a sayen duwatsun gini. Labari ya kai kunnen Tiyofilas. Ya tono wata tsohuwar tuhumar lalata ya kori Isidor daga coci. Isidor ya gudu Nitiriya, wurin wasu 'yan'uwa huɗu da ake kira Dogayen 'Yan'uwa saboda tsayinsu: Diyoskoras, wanda bishop ne, da Amoniyus da Yusibiyus da Yutimiyus. Su ne jigogin masu karatun Orijin. Amoniyus shi ne wanda ya taɓa yanke kunnensa don kada a tilasta masa zama bishop.

Da suka je gaban bishop a Iskandariya, in ji Faladiyus, Tiyofilas ya shaƙe Amoniyus da mayafin wuyansa, ya mare shi har hanci ya yi jini, yana cewa ya la'anci Orijin. Faladiyus abokin gabar Tiyofilas ne, sai a riƙe wannan a zuciya. A shekarar 400 majalisar bishop-bishop ta haramta karatun Orijin, aka shiga Nitiriya da sojoji cikin dare, aka ƙona ɗakunan 'yan'uwan da littattafansu. Su kansu sun tsira ne da ɓuya a rijiya, aka rufe bakinta da tabarma. Kimanin sufaye 300 suka tsallaka Falasɗinu. Tiyofilas ya bi su da wasiƙu kada a karɓe su. Kusan hamsin suka ƙarasa Kustantiniya suka faɗi a gaban Bishop Yohanna Kirisostom, wanda ake wa laƙabi da Bakin Zinariya.

Yohanna ya ba su masauki, bai ba su Jibin Ubangiji ba don kada ya shiga hurumin wani, ya rubuta wa Tiyofilas yana neman sulhu. Sufayen suka kai ƙara fada, aka kira Tiyofilas ya zo a yi masa shari'a. Ya iso a 403 da rakiyar bishop-bishop na Masar, ya haɗa kai da masu jin haushin Yohanna a fada da cikin coci, reshe ya juye da mujiya. A wani gida da ake kira Itacen Oak kusa da Kalsidon, bishop 36 suka zauna suka tuɓe Yohanna. An dawo da shi na ɗan lokaci, aka sake korarsa a 404, ya rasu a hanyar gudun hijira a 407.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan zama shi ne yadda aka manta da asalin maganar. Sozomen, wani marubucin tarihin, ya ce ba a ko tayar da zancen littattafan Orijin ba. Aka ce wa sufayen su nemi gafara, suka nema, aka karɓe su. Diyoskoras ya riga ya rasu, Amoniyus ma ya rasu a wannan tsakanin, har aka ce Tiyofilas ya zubar da hawaye ya ce a zamaninsa babu sufi kamarsa. Daga baya aka ga bishop ɗin yana karanta Orijin, aka tambaye shi, ya ce littattafan kamar fadama ce mai furanni, yakan tsinki mai kyau ya tsallake ƙaya. Ashe bai taɓa sauya aƙidarsa kan cewa Allah ba shi da jiki ba. Sufayen ƙauye sun ba shi taron da yake buƙata, sunan Orijin ya ba shi igiyar ɗaure abokan gabarsa. Tambayar da ta sa Sarafiyon kuka, ta kai Afu ƙofar fada, tambaya ce ta gaske wadda ta cancanci malamai su zauna a kanta da haƙuri, amma wanda ke da ikon kiran wannan zama ya mayar da ita makami.

Kasiyan yana cikin waɗanda suka bar Masar a wannan guguwa. Yohanna Kirisostom ya naɗa shi dikin a Kustantiniya, daga baya Kasiyan ya je Roma neman wa Yohanna goyon baya, sannan ya kafa gidajen sufaye a Marsai. Ya kai koyarwar Ibagiriyus Turai cikin Latin ba tare da ya ambaci sunansa ko sau ɗaya ba. A 553 babban taron coci na Kustantiniya ya la'anci Orijin, hukuncin ya haɗa da Ibagiriyus, wasu rubuce-rubucensa suka rayu a ƙarƙashin sunayen wasu mutane ko cikin fassarar Suriyanci da Armeniyanci.

A Masar kuwa tsugune ba ta ƙare ba. Tiyofilas ya rasu a 412, ɗan 'yar'uwarsa Siril ya gaje shi. Shi ma sai da ya rubuta wa Kalosiriyus, bishop na Arsinowe a yankin Fayum, saboda ya ji wasu sufayen Dutsen Kalamon suna cewa tunda an yi mutum cikin siffar Allah, to Allah yana da ƙirar mutum. Siril ya ƙi wannan, ya kafa da ayar Allah ruhu ne, amma bai maimaita jimlar da aka jingina wa kawunsa ba. Ya ce babu shakka an yi mutum cikin siffar Allah, sai dai kamannin ba na jiki ba ne, yana cikin hankali da iya aikata nagarta da mulkin da aka ba mutum a bayan ƙasa. Ya umarci bishop ɗin ya sa a karanta wasiƙar a gidajen sufayen, a tsawata wa masu wannan magana su daina.